Ranar da Sandar Majalisa ta Karye

Sati shida cif doka ta ba majalisarmu ta masu asali a Warsaw, kuma yau ce ranar ƙarshe. Duk abin da ba a amince da shi ba kafin duhu ya mutu. Cikin takardun akwai layi ɗaya da ya hana ni barci: yafe wa ƙanena Kacper, wanda aka kora daga ƙasa shekara bakwai.

Shugabanmu, Pan Rudnicki (Pan laƙabin girmamawa ne a wajenmu), shi ke riƙe da sandar majalisa, ba mai buɗe baki sai ya ba shi izini. Tun azahar ya ba Pan Wilczek, tsohon maƙiyin gidanmu, izinin magana. Kai, mutumin nan da surutu! Ya yabi kakanninsa, ya yabi dawakan kakanninsa, yana satar kallon taga. Mun gane nufinsa. Wakili ɗaya na iya cewa "ban yarda ba" ya rushe komai, amma sunansa zai sha tsinuwa har jikoki. So yake rana ta yi masa aikin.

"Ɗan'uwa, gajarta mana!" Rudnicki ya doka sanda a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ai ban zo kan kakata ba tukuna."

Zaure ya kaure, wasu har sun dafa takubba. Rudnicki ya sake dokawa, sai sandar ta rabu biyu. Lokacin da Wilczek ya zauna yana share gashin baki, da ƙyar magatakarda ke ganin rubutu.

"A kawo kyandir!" na yi ihu, don na ruɗe.

"Kawo mana, ɗan'uwa," in ji Wilczek yana dariya. "Ka manta doka ta hana zama da kyandir? Kunna ɗaya, mu tafi gida."

Wallahi na ji kamar in shaƙe shi.

Sai Rudnicki ya hau benci da guntun sandarsa.

"Doka ta hana kyandir, ba ta hana harda ba!"

Ashe tsohon ya haddace takardun kaf! Ya dinga zubo su da ka, magatakarda na manne da taga yana gyaɗa kai. Ya ambaci sunan Kacper, ya kai ƙarshe, sannan ya juya wajen bencin Wilczek.

"Pan Wilczek, rana ta gaza maka. In ba ka yarda ba, faɗa da bakinka, kowa ya san muryarka. Kun yarda?"

"Mun yarda!"

Sau uku ake tambaya. A ta biyu tagogi suka girgiza. A ta uku ni ban amsa ba, na kasa kunne wajen bencin Wilczek. Tari kawai ya yi.

Guntun sandar ya sauka. Na rungume na kusa da ni ina kuka ina dariya, ina ta faɗa masa Kacper zai dawo gida. Sai da muka fita tsakar gida, inda ake da fitilu, na ga ashe Wilczek na rungume.