Tiyon Komawa

Allurar agogon awon ƙarfin mai ta tsaya a kan biyar, alhali uku ake nema. Labaran ya dube ta, ya dubi baƙin hayaƙin da tsohuwar Fijo ke amayarwa a garejinsa na unguwar Bromakoté.

Shekara talatin yana gyaran kaburata a nan yankin Adjamé na birnin Abijan. Sadi, ɗan ƙanwarsa da ya riƙa tun yana yaye, shi ya dawo daga makarantar koyon sana'a da ilimin injeksiyon, wato tsarin zamani na fesa wa inji mai, suka haɗa hannu. Wannan mota ita ce ta farko da suka cire wa kaburata suka sa mata sabon tsari. Tun ranar da aka fara aikin Labaran ya ce sabon famfon mai yana turo mai fiye da abin da injin ke sha, saboda haka ragowar na buƙatar hanya mai faɗi ta komawa tanki, milimita takwas. Sadi ya ce ya ji.

Mai motar, Hajiya Nuriyya, 'yar kasuwar atamfa daga unguwar Treichville, tana tsaye ta toshe hanci da gyale. Sau biyu motar na mutuwa da ita a kan gada.

Labaran ya kwanta ƙarƙashin motar, ya bi tiyon komawa da yatsa. Tsohon siririn nan ne na asali, ko fensir ba zai shiga ba. Sadi bai canza shi ba. Mai ya rasa mafita, ƙarfinsa ya hau, injin ya shaƙe.

Yana nan kwance ya ji Sadi ya sassauta murya, ya juya harshe zuwa Faransanci. Labaran bai yi boko ba, amma kunnensa ya daɗe a Abijan.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Tsohon ne ya haɗa tiyon. Kansa ba ya ɗaukar aikin zamani, tausayi ne ya sa nake barinsa yana taɓawa. Wata mai zuwa zan buɗe nawa wurin a unguwar Biafra ta Treichville, kusa da ke."

Labaran ya daɗe yana kallon ƙasan motar. Sannan ya fito, ya ɗauko tiyo mai faɗi daga ƙusar bango, ya koma ya ja shi tun daga injin har tanki. Da aka tayar, allurar ta sauka kan uku ta zauna. Hayaƙin ya washe.

"Malam Labaran," in ji Hajiya da Hausa, "wai kai ka yi kuskuren?"

Sadi ya sunkuyar da kai yana goge sifana mai tsabta.

"Garejina ne, Hajiya. Duk abin da ya fita daga nan, ni ne."

Bayan ta tafi Sadi ya matso. "Kawu, dama ina so in faɗa maka…"

"Tattara kayan aikin, azahar ta yi."

Da suka dawo masallaci, Zalihatu matar Labaran ta kawo tuwo a kwano ɗaya, kamar kullum, ta ajiye a kan benci. Sadi ya wanke hannu ya zauna. Labaran ya kira ta tun ba ta kai ƙofa ba.

"Zalihatu, ƙaro mana kwano."

"Baƙo za ku yi?"

"A'a," ya ce. "Raba mana za ki yi."