Hannun Roba

Ranar da za a gwada ta a asibiti, ɗan gwanjo ya tare ta a bakin layi tun kafin ta sami mota.

"Likita, barka da fitowa. Keken nan naki fa ya sami mai so."

Keken ɗinkinta yake nufi, wanda ta kai masa jingina bara ta biya kuɗin makarantar koyon aikin lafiya, da alkawarin za ta fanshe shi da albashinta na farko.

"Haba Baba, ba mun yi da kai za ka jira ni ba?"

"Na jira har gizo-gizo ya yi gida a kansa. Wata ya ƙare ban ga kuɗi ba, zai tafi."

A cikin mota lissafin Daraktan makarantar ne ya yi ta dawo mata. Makarantar tasa ɗakuna ne uku a saman shagon taya, da katon allo mai hoton 'yan mata cikin fararen riguna suna ta murmushi. Ranar da ta fara zuwa tambaya, shi da kansa ya zaunar da ita ya buga mata lissafi: ga kuɗin makaranta, ga albashin mai ɗibar jini, kafin shekara ta raba ta mayar da kuɗinta, sauran duk riba. Ta tuna yadda take kwana a kan ɗinki sannan a biya ta da "sai wani sati". Ba ta ƙara tunani ba. Tun daga ranar mijinta ya laƙa mata Likita, har unguwa ta ɗauka.

Yau wata huɗu da karɓar satifiket, kuma wannan ne asibiti na farko da ya ce ta zo.

Sistar da ke kula da ɗakin gwajin jini ko kallon satifiket ɗin ba ta yi ba. Ta ƙwala wa masinja kira, wani dattijo siriri, ya shigo yana naɗe hannun riga.

"Kullum ni ne ragon gwaji," ya ce. "Yarinya, ki bi a hankali, ɗan abin da ya rage mini ke nan."

Ta sa safar hannu. Ta ɗaure masa damtse da igiyar roba, jijiya ta taso raɗau. Ta goge wurin, ta soka allura, jini ya hau sirinji sumul. Masinja ko motsi bai yi ba. Daɗi ya kama ta, har ta hango kekenta a kusurwar ɗaki. Ta zare allurar.

Jini ya yi tsartuwa. Ya ɓata mata gaban riga, ya gangara ta gwiwar hannunsa zuwa ƙasa, wurin ya fara tasowa baƙi ƙirin. Ta daburce tana laluben auduga. Sista ta ture ta gefe, ta fizge igiyar da ke ɗaure a damtsen har yanzu, ta danne wurin.

"Daga saman shagon taya kike, ko?"

"E, ranki ya daɗe."

"Na sani. Duk wadda ta fito daga can ba ta kwance igiya kafin ta zare allura. Wai me suke koya muku ne?"

Me za ta ce? Hannun roba guda ɗaya tal gare su a makarantar, ana ɗura masa jan ruwa, ɗalibai su yi layi suna soka. Da aka yi ta sace igiyar, Darakta ya sa aka ɗinke ta a jikin hannun. Ba a ɗaurewa, ba a kwancewa. Ɗaurin ma a waya ta gani ta koya. Ranar da ɗinkin ya warware, ita malamin ya kira, tunda tela ce. Da zare mai ƙwari ta mayar da shi, har aka tafa mata.

"A ƙara mini dama ɗaya, don Allah."

"A hannun wa?" in ji masinja. "Ɗayan na cin abinci ne."

Ba ta nufi gida ba. Ta haye matakalar makarantar da jinin a rigarta, ta banka ƙofar ofis.

Darakta ya saurare ta har ta gama, yana juya makullin mota a yatsa.

"'Yar'uwa, mu ilimi muka ce za mu ba ki, ba aiki ba. Amma akwai kwas na gaba, wanda ake fita asibiti a taɓa mutane na gaske. Zan yi miki ragi."

"Da me zan biya? Da ƙodata?"

Ya yi dariya. "To ga wata hanya. Ki sa farar riga, ki riƙa kawo mana ɗalibai. Duk wadda ta biya kuɗinta gaba ɗaya, kina da kasonki a take." Ya faɗi kason. Da ɗan abin da ke ƙulle a bakin zanenta, ya isa fansar keke.

"Allah ya isa," ta ce, ta fice.

Sati biyu ta yi tana yawo da satifiket daga ƙaramin asibiti zuwa shagon magani. Wasu su ce a bar lamba, wasu da sun ga sunan makarantar sai su miƙo mata abinta. A gida ta ce ana kan dubawa. Ɗan gwanjo ya daina amsa gaisuwarta.

Da yammacin wata Laraba ƙanwar mijinta ta shigo, hannuwanta jajur saboda ƙanƙara. Tun da nata mijin ya rasu, firiza ɗaya ta sayar da ƙanƙara ke riƙe da ita da 'ya'yanta biyu.

"Matar Yaya, wai ya maganar asibitin? Ni fa na gaji da ƙanƙarar nan. Wuta ta ɗauke, jari ya narke. Wani ya taya firizar da daraja. Ki faɗa mini tsakani da Allah, karatun nan yana biya?"

Ta dubi kusurwar da keken yake zama, inda ƙafafunsa suka bar tabo huɗu a siminti.

"Sun ɗauke ni," ta ji bakinta ya faɗa. "Wata mai kamawa zan fara."

"Kai, alhamdu lillahi! Shi ne kika yi shiru? To gobe ki raka ni makarantar."

Ta raka ta. Kuɗin firiza suka shiga hannun Darakta, shi kuma ya ƙirga mata kasonta.

Ranar Asabar aka sauke keken daga baro. Mijinta ya kama aka shigar da shi, yana ta tsokana: "Likita, tun ba a fara aiki ba har an fara biyan albashi?" Ta ce masa asibitin ne ya ba ta wani abu ta rage hidima.

Ba ta gama goge ƙurar ba ƙanwar mijin ta faɗo ɗakin da farin yadi a leda, fuskarta kamar ta 'yan matan allon.

"Ni zan buɗe miki kasuwa. Rigar makaranta za ki ɗinka mini, irin taki sak. Ki sa aljihu babba, inda zan riƙa zuba albashi."

Ta ɗauko tef ta ce ta ɗaga hannu. Ta auna kafaɗa, ta auna tsawo. Da ta zagaya tef ɗin a damtsenta sai ta tsaya, tana riƙe da shi.

"Matar Yaya, kin matse ni fa."

Ta saki. Ta zauna, ta ɗora ƙafa a kan feda, keken ya ɗauki ƙara.