Layar Fam Ɗari Uku

Saura shekara biyu a sauke tutar Ingila, akwai wani mutum a Zangon Kumasi da ake kira Alfa Muniru. Alfancin na gado ne, don karatunsa bai yi nisa ba. Sana'arsa saukar da fataken shanu. Baƙo zai sauka gidansa da garkensa, shi zai nemo mai saye, shi kuma zai damƙa wa baƙo kuɗinsa a hannu. Kafin ranar nan ta zo, ci da sha da makwancin baƙo duk suna wuyan maigida.

Babban baƙonsa shi ne Hamadu, wani dogon Bafulatani daga Dori, wanda ya shekara goma sha ɗaya bai taɓa shimfiɗa buzunsa a wani gida ba. A wannan karon ya zo da bijimai goma sha huɗu da abokan tafiya huɗu. Alfa Muniru ya sayar da su duka ga wani ofishin gwamnati mai sayen nama, wanda ya shekara uku yana hulɗa da shi, da ribar hulɗar ma ya yi wa gidansa rufin kwano.

Ranar Asabar da hantsi ya tafi karɓar kuɗi, riƙe da jakar fata. Sai akawun, wani saurayi ɗan ƙabilar Asante mai tsaga a gashin kai, ya miƙo masa 'yar takarda guda.

"Wannan fa?"

"Cek ne, Papa. Sabuwar doka. Abin da ya wuce fam ashirin ba ma biya a hannu. Ka kai banki Litinin."

"To ba ni ashirin yau, gobe ashirin, jibi ashirin. Ƙafata lafiya lau take."

"Ba a yin haka."

"Wa ya hana? Shanuna ne, ko na wanda ya yi dokar?"

Akawu ya ɗaga kafaɗa, ya kira na bayansa.

Alfa Muniru ya fito yana jujjuya takardar. Ya ɗora ta a tafin hannu, bai ji nauyin komai ba. Bijimai goma sha huɗu, da ƙahonsu da tozonsu da kukansu, da tafiyar wata biyu da ƙetare kogi, duk sun shige cikin abin da bai kai ganyen ƙunsa goro ba. Ya tsaya bakin titi yana tunanin inda suke tsaye a ciki, ko cikin tawadar, ko tsakanin layukan. Wata mota ce ta yi masa oda, sannan ya farga.

Daga nan tsoro ya kama shi. Kwana biyu kafin Litinin! Ga hadari na haɗuwa, ga kyankyasai a akwati, ga akuyar maƙwabta da ta taɓa cinye masa rasit ɗin haraji. Shi kuwa a duniya hanya ɗaya ya sani da ake tsare takarda mai daraja. Ya naɗe ta ƙanƙanuwa, ya nufi rumfar Awalu baduku.

"Awalu, ɗinke mini wannan. Kada ruwa ya shiga, kada iska ta shiga."

Baduku ba ya buɗe rubutun malami, ba ya kuma tambayar abin da ke ciki. Awalu ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla. Ya naɗe ta da zare, ya shafe da danƙo, ya rufe da jar fata sabon rini, ya bi ta da basilla ɗinki biyu, har da ado a tsakiya. Ya ce, "Alfa, wannan har jikokinka."

Litinin da safe Alfa Muniru ya sa babbar riga, ya gangara unguwar Adum, ya shiga banki. Da layi ya zo kansa ya ciro layar daga wuya, ya ajiye a kan kanta. Ma'aikacin ya yi tsalle da baya har kujerarsa ta faɗi.

"Ei! Ɗauke! Me na yi maka?"

"Fam ɗari uku ne, ɗana. Zuba mini a jaka."

Sai da aka nemo wani ɗan sanda Bahaushe ya yi tafinta, sannan aka gane. Aka kawo reza. Awalu kuwa ya yi aiki tsakaninsa da Allah. Rezar ta ci fata, ta ci zare, ta ci takarda. Abin da ya fito guda uku ne, jawur da rini, danƙo ya manne rabi, basilla ta bi ta kan adadin kuɗin ta mayar da shi rariya. Wani Bature ya fito daga ciki, ya ɗaga guntu ɗaya a haske, ya daɗe yana kallo, ya ce wani abu a hanci.

Ɗan sanda ya ce, "Ya ce ba za ta ci ba."

A ofis, akawu ya yi dariya har da hawaye, sannan ya gyara fuska. Sai an soke tsohuwar takardar, a rubuta wa babban ofis a birnin Ankara, Ankara ta amsa. Sati uku, in an yi sa'a.

"Sati uku! Naman fa? An jira sati uku kafin a ci? Ga akwatin ƙarfe can a bayanka, na san da kuɗi a ciki. Ni ba yaro ba, ba mahaukaci ba. Ubana ya ɗauki kuɗin wuri a jaki daga kasuwar Salaga, ba wanda ya ce masa ya yi yawa. Yau ni ne za a gaya wa nawa hannuna zai iya riƙewa?"

"Papa, don kada ɓarayi su tare ka ne."

"Wane ɓarawo ya taɓa riƙe ni sati uku?"

Da ya koma gida ya tarar da baƙinsa biyar a zaure, sun kewaye kwanon wake da shinkafa. Ya faɗa musu gaskiya. Hamadu ya gama tauna lomarsa, ya ce da irin Hausarsa, "Maigida, ni na kawo shanu, kowa ya gani. Kai ka kawo magana. Masu shanu yana Dori, yana jira. Damina kuma ba shi jira."

Kwanaki suka yi ta tafiya. Mutanen daji in suka zauna ba aiki, ci suke kamar gobara. Zuleha, matar Alfa Muniru, ta fara buga murfin tukunya da ƙarfi don a ji a zaure.

"Alfa, buhun masara na biyu ke nan. Gajeren nan na cikinsu shi kaɗai ƙosan sule yake tashi da shi. Ko in kai tukunyar wurin Awalu ya ɗinke bakinta?"

"Zuleha, ki bar ni da abin da ke damuna."

"Ni ma shi ke damuna. Ni ke hura wutarsa."

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Mutaru, mai saukar da baƙi a layin baya. Mutumin da bai taɓa zuwa gaisuwa ba, yanzu kullum bayan la'asar yana zaure da goro fari, yana tambayar Hamadu lafiyar mutanen Dori, yana faɗin yadda mahautansa ke biya hannu da hannu. Labarin laya kuwa ya gama Zango. In Alfa Muniru ya wuce, sai wani ya ce, "Alfa, a taimaka mini da ta tsarin banki."

Rana ta goma sha tara Hamadu ya same shi a bakin rijiya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba ka ci amana ba, na sani. Amma baɗi in takarda ne, Mutaru ya ce akwai ɗaki."

Rana ta ashirin da uku sabuwar takarda ta iso ofis. Alfa Muniru ya karɓa da yatsa biyu. Ya dubi akawu, ya dubi akwatin ƙarfen, ya yi tunanin ɗakuna biyu da ya yi niyyar ƙarawa da ribar baɗi.

"Ɗana, cire sunana daga masu kawo muku shanu."

"Papa, mutum goma na neman wurin nan!"

"Ba su. Allah ya ba su baduku mai sauƙin hannu."

Ya tafi banki a ƙasa, takardar a buɗe a gabansa, yana kallonta kamar mai ɗauke da kwanon mai cike. Da la'asar ya zube kuɗin a kan buzun Hamadu, ya kuma gaya masa abin da ya yi.

Hamadu ya ɗaure kuɗin a ɗamara, ya ce, "To baɗi wa zai saya?"

"Mahautan mayanka. Za su yi gardama, za su rantse da ƙarya, za su raina bijiminka a gabanka. Amma abin da suka ba ni zan ji nauyinsa, kai ma ka ji."

"Riba zai ragu."

"Na sani. Kada ka tuna mini."

Hamadu ya tashi, ya naɗe buzu, ya saɓa sanda. Abokansa suka yi gaba. A bakin ƙofa ya tsaya, ya ɗaga kai ya dubi saman ɗakin baƙi.

"Wajen kusurwa yana yoyo," in ji shi. "Ka gyara kafin na dawo."