Allon Maganar Jannatu

Ina cikin gyara birkin wani keken guragu a ofishinmu na bayan kasuwar Birnin Gwari aka kawo mini saƙon Nababa. Saƙon gajere ne: in zo in ɗauki kayana daga gidansu. Kayan da yake nufi shi ne allon maganar Jannatu, 'yar ƙaninsa, marigayi Mainasara.

Aikina shi ne haɗa yaran da suka samu rauni a ƙwaƙwalwa da abin da zai sauƙaƙa musu rayuwa: kujera mai maɗauri ga wanda ba ya iya zama, cokali mai kaurin mariƙi ga wanda hannunsa ke rawa, allon magana ga wanda bakinsa ya ɗauke. Allon faifai ne na roba mai madannai, kowane da hotonsa. Ana naɗar murya a ƙarƙashin hoton, idan yaro ya danna sai allon ya faɗi abin da yake so.

Jannatu tana da shekara tara. Ta faɗo ne daga bayan babur ranar da mutanen ƙauyensu, can wajen Dogon Dawa, suka gudo daga 'yan bindiga, kanta ya bugu da dutse. Ta farfaɗo a asibiti ba magana, hannunta na dama ya saki. Tana gane yawancin abin da ake faɗa mata, amsar ce ba ta fitowa. Iyalin suka zauna a gidan Nababa a cikin gari, a nan na fara ganin ta.

A ƙa'idar aikinmu muryar mace ake sa wa yarinya, kuma an fi son ta uwa. Ranar da na kai allon na miƙa wa Saude, mahaifiyarta, na roƙe ta ta fara da hoton yarinyar, ta naɗi muryarta tana cewa, "Sunana Jannatu." Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗaki.

Inna Asibi, mahaifiyar su Nababa, ta yi dariya har da tafa hannu. "Kai likitan allo, a ina aka haife ka? 'Yar fari ce fa. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai 'ke' ko 'yarinyar nan'. Yau kuma ka ce ta faɗa wa roba?"

"Kawo nan, Malam Abdulkahar," in ji Mainasara. "Ni kunyata na baro ta a Dogon Dawa tare da buhunan masarata."

Ya zauna a kan turmin da aka kwantar, ya siranta murya kamar ta yarinya, ya ce, "A ba ni ruwa." Da ya zo kan hoton kwano ya ce, "Tuwo nake so, kuma kada a yi mini rowar miya." A kan hotonta kuwa ya bar wasa, ya faɗa da muryarsa ta ainihi: "Sunana Jannatu, 'yar Mainasara, daga Dogon Dawa." Jannatu ta danna da gaɓar yatsanta na hagu, ta ji, ta dubi ubanta, ta yi dariya. Kafin damina ta ƙare tana neman ruwa da kanta, tana faɗin inda ke mata ciwo, tana sanar da buƙatar bayan gida kafin ta ɓata jikinta.

Da kaka ta yi, Mainasara ya bi wasu manoma suka koma yankan dawa. An ce hanya ta yi sauƙi. Gawarsa aka ɗauko daga bakin daji.

Na sami Nababa a ƙofar gida, a kan tabarmar da aka yi zaman makoki. Bayan mun gaisa na sake yi masa ta'aziyya, ya miƙa hannu bayansa ya ɗauko allon, an naɗe shi a cikin buhun taki.

"Ga kayanka, Malam. Mun gode. Allah ya saka."

"Baba, ya lalace ne?"

"Da ya lalace ai da mun huta." Ya sauke murya. "Da hannunmu muka binne Mainasara, sai ga shi a ɗaki yana roƙon ruwa. Ranar sadakar uku mata sun cika tsakar gida, yarinyar ta danna abin nan, wata ta fita a guje ta bar takalmanta. Inna ta zube a wurin. Saude tana takaba, ba ta da hutu safe da yamma. Yanzu kuma maƙwabta sun fara cewa ana jin muryar namiji a ɗakin mai takaba. Ka ga abin da zan zauna ina kallo ke nan?"

Ban ga laifinsa ba. Na tambaye shi yaushe aka karɓe allon daga hannunta, ya ce tun shekaranjiya. Na tambayi yadda take, ya kau da kai. Inna Asibi ce ta amsa daga cikin zaure.

"Ba ta ci, ba ta sha. Ta koma ɓata shimfiɗa. Jiya kanta ta riƙa bugawa da bango sai da na rungume ta."

Kan da ya riga ya fashe sau ɗaya ba ya ɗaukar irin wannan. Na ce wa Nababa akwai wata hanya: a bar mata allon, a sauya muryar. Na kuma gaya masa abin da ya kamata ya sani tun kafin ya amince, cewa kowane madanni murya ɗaya yake riƙewa, idan aka naɗi sabuwa tsohuwar ta tafi ke nan, ba ta dawowa. Na ce idan ya yarda zan fara kwafe muryar marigayin a wayata, ko don yarinyar in ta girma.

"Ba za ka tafi da muryar ɗan'uwana a aljihunka ba," in ji shi. "Ya tafi, a bar shi ya huta. Ka sauya in za ka sauya. In la'asar ta yi ba a gama ba, ka tafi da abinka."

Aka ba ni izini na shiga tsakar gida. Jannatu tana kwance a kan tabarma a inuwar katanga, ta rame, leɓenta ya bushe. Da ta ga allon ta yunƙura ta miƙo hannun hagu. Na juya mata baya kaɗan, na danne jan madannin da ke bayan allon, na naɗi muryata a kan hoton kofi: "A ba ni ruwa." Sannan na ɗora mata shi a cinya.

Ta danna. Muryata ta fito. Ta tsaya tana kallon allon. Ta sake dannawa, ta sake, tana ƙara ƙarfi, kamar mai buga ƙofar da ta san akwai mutum a ciki. Daga nan ta ture allon ya faɗi ƙasa, ta buɗe baki tana wani irin kuka marar sauti. Na ɗauke shi na share masa ƙasa da bakin rigata. Waccan siririyar muryar ta wasa ta riga ta tafi.

"Baƙuwar murya ba za ta karɓa ba," na ce. "Sai ta gida."

Na dubi Nababa, wanda ya tsaya a bakin zaure. Ya girgiza kai. Muryarsa da ta ƙaninsa ba su da maraba, kowa ya san wannan. Na juya ga Inna Asibi.

"Ni?" ta ce. "Kai ɗan nan, dube ni da kyau. Ku sa tawa yau, baɗi ku dawo ku sake gogewa? A'a. Ku nemi mai sauran kwana."

Ba wanda ya yi dariya, ita ma ba ta yi ba. Ɗakin Saude yana gabanmu, labulensa a sake. Ban yi mata magana ba, don ba hurumina ba ne in kira mai takaba. Ba abin da ake ji sai sheshshekar yarinyar da ƙarar injin niƙa daga maƙwabta. Na fara tunanin abin da zan bar musu a maimakon allon, wataƙila hotuna a jikin kwali, alhali na san Jannatu ba ta taɓa kula su ba.

Sai aka yi magana daga bayan labule, a hankali. "Inna, a miƙo shi."

Inna Asibi ta karɓi allon ta shiga da shi. Ni na tsuguna a waje, gefen ƙofa, ina bayani ina kallon ƙasa: a danne jan madannin baya, a danna hoton, a yi magana, a saki. Inna tana maimaita mata kamar ba ta ji na.

Muryar Saude ta fito: "A ba ni ruwa." Ta goge tawa muryar ke nan. Daga nan sai na ji muryar Mainasara: "Tuwo nake so, kuma kada a yi mini rowar miya." Na ɗauka kuskure ta yi, har na buɗe baki zan gyara mata. Sai na gane. Kafin ta naɗi kowane madanni sai ta danna shi ta saurara tukuna. Sannan ta ce, "Tuwo nake so." Ba ta ƙara zancen miyar ba.

Haka ta bi su. Mijinta ya ce kansa yana ciwo, ita ma ta ce kanta yana ciwo. Ya ce yana jin sanyi, ta ce tana jin sanyi. Ya ce a kai shi waje ya sha iska. Nababa ya zame ya zauna a dokin ƙofar zaure, ya cire hularsa ya riƙe. Jannatu ta daina kuka, ta juya kai wajen labulen tana sauraro.

Can muryar ta fito cikakkiya, ba wasa a cikinta: "Sunana Jannatu, 'yar Mainasara, daga Dogon Dawa."

Muka jira. Na ji ƙarar jan madannin an danne shi, aka saki. Aka sake dannewa, aka saki, ba tare da an taɓa hoton ba. Akwai sunaye biyu a cikin maganar, na 'yar fari da na miji, kuma ba ta taɓa furta ko ɗaya daga ciki ba.

"Inna," in ji Saude, "ki gaya masa wannan ba zan iya ba."

"To a goge shi kawai," in ji Nababa. "Ya zauna ba komai. Kowa ya san sunanta."

Na ce, "Baba, shi ne wanda take dannawa idan an kai ta asibiti. In kuma wata rana aka sake gudu ta ɓace a cikin mutane, shi kaɗai ne zai faɗi ko 'yar wace ce."

Inna Asibi ta ɗaga labule ta fito da allon a ƙirjinta, idanunta jajur. "Nababa, bar shi. Ni ce na zube ranar sadakar uku, kuma ni ce na ce a bar shi. Guda ɗaya dai ba zai kashe mu ba."

Nababa ya miƙe. Ya mayar da hularsa ya fita.

Inna ta ɗora wa Jannatu allon. Ta daɗe ba ta taɓa shi ba. Sannan ta danna hoton kofi, muryar uwarta ta fito. Ta dubi allon, ta dubi labulen. Wani hannu ya turo kofin ruwa ta ƙarƙashin labulen, Inna ta ɗauka ta kafa mata a baki, ta sha har yana zuba a wuyanta. Da ta gama ta danna hoton kwano, ta saurara, fuskarta ta yamutse, ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya tana nema. Da ta iso kan hotonta ta tsaya a nan.

Na duba batirin, na nuna wa Inna yadda za ta jona shi da sola, na ce zan dawo ranar Alhamis. Na lura robar madannin sunan nata ta riga ta fara tsagewa a gefe. Irin waɗannan allunan ba sa daɗewa a hannun yara, kuma idan madanni ya mutu abin da ke cikinsa ma ya tafi. Ban faɗa mata ba.

A waje na tarar da Nababa yana alwalar la'asar, ya juya wa gidan baya. Na yi masa sallama, ya ɗaga hannu bai dube ni ba. Ina tura babur ɗina a cikin lungu ina jin Mainasara ta bayan katanga yana faɗin sunan 'yarsa, yana sake faɗa, har na kai bakin titi.