Bututu a Yatsan Baba

Ranar da Baba ya ce zai ba da jitarsa ina cikin wanke-wanke, kuma saura kaɗan in saki farantin da ke hannuna.

"Ka ba wa, Baba?"

"Mai gidan abincin nan na bakin titi. Ya ce zai rataye ta a bango don ado. Asabar zai zo ya ɗauka."

Ado! Jitar katakon da ta girme ni, wadda gefenta ya koɗe saboda gugar hannunsa, ita ce za ta koma kallon mutane suna tauna? Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na haɗiye, don duk wanda ya yi musu da Baba ƙara masa ƙarfi kawai yake yi.

Baba makaɗin bulus ne tun ƙuruciyarsa, irin kiɗan nan mai tafiya a hankali yana taɓa zuciya. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, muka dawo da shi gidanmu, ɗakin da ke jikin falo. Ƙafa ta warware, baki ya warware har ya fi da kaifi, amma yatsun hagu suka ƙi. Suna motsi, sai dai babu ƙarfin danne tsirkiya. Sau ɗaya ya gwada, sautin ya fito a mace, ya mayar da jitar akwatinta ya tura ƙarƙashin gado. Tun daga nan ba shi da aiki sai zama yana kallon taga. Ni dai na sani, in jitar nan ta fita daga gidan, abin da ya rage na Babana zai bi ta.

Mijina kuwa mai gyaran famfo ne, kuma shi ma yana da tasa jitar, ja, ta lantarki, da ƙatuwar sifika da ta cinye mana kusurwar falo. Shi ɗan rok ne, mai son ƙara. Baba yana kiran jitar tasa dutsen guga, wai ba ta da amfani sai an jona ta da wuta. Shi mijin nawa kuma Malam Famfo yake ce masa. Mijina na tsoron surukinsa kamar me, don haka tun zuwan Baba sai ya toshe kunne da abin sauraro ya yi ta kiɗa shi kaɗai, babu mai jin komai sai dai mu ga kai yana gyaɗawa.

Da ya dawo aiki na tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Gobe za ka cire abin kunnen nan, ka jona sifika, ka kaɗa kiɗan Inna."

Kiɗan Inna shi ne wanda Baba ya tsara wa marigayiya mahaifiyata tun suna saurayi da budurwa. Ba shi da baiti ko ɗaya, kuma a gidanmu babu mai taɓa shi sai Baba.

"Auta, kina so a kashe ni ne?"

"Kuma ka ɓata shi. Ka ɓata shi sosai, da gangan. Na san Babana, ba zai iya zama yana ji ana wulaƙanta masa kiɗa ba. Zai fito ya gyara maka, in ya fito kuwa sai ya riƙe jita."

Ya sosa ƙeya, ya ce zai gwada.

Washegari da la'asar ya jona. Wayyo Allah! Ban taɓa jin ɓarna irin wannan ba. Inda kiɗan ya kamata ya ja numfashi, shi gudu yake yi, inda ya kamata ya sauka, nan yake hawa. Maƙwabciyarmu ta sama ta buga mana ƙasa da tsintsiya. Ni kuwa ina ɗakin girki ina murna, ina cewa a raina ashe mijina ɗan wasan kwaikwayo ne ban sani ba. Na kasa kunne ina jiran ƙofar Baba. Ƙofar ta motsa kuwa, amma rufe ta ya yi, har da sakata.

Da na kai masa shayi ya dube ni ya ce, "Ki gaya wa Malam Famfo, in bututu ne ya toshe masa a falo, ya kira mai gyara."

Aka sake gwadawa washegari, Baba ya kunna rediyo. Aka sake, ya fita tsakar gida da kujerarsa. Ran Juma'a da yamma na leƙa na tarar ya jawo akwatin, yana goge jitar da tsumma a hankali, yana shirya ta don mai zuwa ɗauka. Na koma ɗakina na yi kukana, sannan na huce a kan mijina, na ce ɓarnar ma bai iya ta yadda ya kamata ba. 

Asabar da safe ya fita wani aikin gaggawa. Kafin azahar ya dawo da hannun hagu a naɗe da bandeji, yatsu uku a ɗaure tam, na kusa da ƙarami kaɗai ke waje.

"Me ya same ka?"

"Sifana ce ta kuɓuce mini ina ɗaure bututu."

"Yau ka ga dama ka ji ciwo? Yau Asabar?"

Ko sannu ban yi masa ba, Allah Ya yafe mini. Shi kuwa ya wuce falo, ya zauna yana murɗa kunnuwan jitarsa, yana sassauta wata tsirkiyar yana ɗaure wata, har in ya shafa su duka ba tare da ya danne komai ba sai su yi amo ɗaya mai daɗi. Daga nan ya ciro wani guntun bututun jan ƙarfe daga aljihu, tsawon yatsa, an goge bakinsa sumul, ya zura a lafiyayyen yatsan. Maimakon ya danne tsirkiya, sai ya ɗora bututun a kai yana jan sa sama da ƙasa.

Sautin da ya fito daban ne, wani irin kuka mai santsi kamar muryar mutum. Amma kiɗan Inna dai ya ci gaba da shan wuya, don bututun ya yi wa yatsansa yawa, sai lilo yake yi yana ƙwanƙwasar wuyan jitar.

Sai na ji sakata. Baba ya fito da sandarsa, ya tsaya a kan mijina.

"Malam Famfo."

"Na'am, Baba."

"Wane laifi matata ta yi maka?"

"Babu, Baba."

"To me ya sa kake bin ta da gudu? Ana jan abin nan ne a hankali, a isa wurin a tsaya, sannan a ɗan girgiza. Mun ga masu yi da wuyan kwalba tun kana cikin zani. Kai kuwa sai ka ce kana kankare tsatsa."

"Hannun ne, Baba. Da yatsa ɗaya nake fama."

"Yatsa ɗaya ya ishi mai hankali. Kawo nan!"

Mijina ya miƙa masa bututun da jar jitar tare. Baba ya karɓi bututun, ya ture jitar da bayan hannu.

"Ni zan riƙe dutsen guga? Auta, ɗauko mini tawa."

Ban san lokacin da na isa ɗakin na dawo ba. Baba ya zauna, ya sa mijina ya murɗa masa kunnuwan yana yi masa faɗa a kan kowace tsirkiya, sannan ya zura bututun a yatsansa. Ya zauna daram, ba lilo ba matsi.

Jan farko ya kauce. Baba ya yi tsaki, na ga muƙamuƙinsa ya motsa, har na ɗauka zai ajiye. Ya sake ja, a hankali, ya isa wurin ya tsaya, ya ɗan girgiza hannun. Wallahi kiɗan Inna ne, ya ma fi na da taushi. Na tsaya a bakin ƙofa da tsumman goge jita a hannu, hawaye na zuba, kuma ban damu da in share ba.

Da ya kai tsakiya, ba tare da ya ɗago kai ba ya ce, "Kai kuma zaman me kake yi? Riƙe mini ƙasa. Ƙasa kawai na ce, kada ka hau."

Mijina ya rage sifikar, ya shiga bugun manyan tsirkiyoyi da babban yatsa, dum, dum, wani gurnani mai kauri a ƙarƙashi, jitar katako kuma tana yawo a samansa. Ban taɓa zaton kayan nan biyu za su zauna a ɗaki ɗaya lafiya ba. Maƙwabciyar sama ma ba ta buga tsintsiya ba.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai gidan abinci ne, da fara'arsa, har da igiyar ratayewa a hannu. Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Wannan tana aiki," ya ce. "In ado kake so, ga ja can, ta fi kyau a bango."

Mijina ya rungume jitarsa da hannu biyu. Mutumin ya yi dariya, ya ce to in sun shirya su zo su kaɗa masa a gidan abincin, bangon ya haƙura. Baba ya ce zai duba, in yaron nasa ya koyi tafiya a hankali.

Da yamma na shiga banɗaki na tarar da mijina yana warware bandeji a gaban madubi. Yatsu uku lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

"Sifana, ko?"

Ya yi murmushi. "Zan iya duban Baba in ce ga dabarar da za ta fisshe shi? Ai sai ya jefe ni da ita."

"Bututun fa? Ya aka yi ya zauna masa daidai?"

"Zobensa. Yana cire shi in zai wanke hannu, ya bar shi a bakin famfo. Na auna."

Kunya ta kama ni, na ce masa sannu da ciwon da bai ji ba. Sannan na yaba masa, na ce ɓarnar da ya yi kwanakin nan ko ni da na sa shi sai da ta ba ni tsoro.

Ya sunkuyar da kai yana naɗe bandejin.

"Auta, ban fa ɓata komai da gangan ba. Iyakar iyawata ke nan."

Ina cikin dariya har da riƙe bango muka ji muryar Baba daga falo, da ƙarar bututu a kan tsirkiya.

"Malam Famfo! Zo ka jona dutsen gugan nan. Kuma ka ɗan ƙara masa wuta, ɗazu ban ji ka sosai ba."