Igiya ta Farko a Kilvarra

Garzali bai taɓa tambayar ƙaninsa sunan garin da yake zaune ba. A gidansu na Funtua "Turai" kawai ake cewa, Inna kuma takan ce "Landan", Shamsu kuwa bai taɓa gyara mata ba. Sai ranar da Shamsu ya rasu Garzali ya fara jin sunan, a waya, daga bakin wata mace da bai sani ba, yana tsaye da kayan gadi a ƙofar wani babban kanti a unguwar Madinat Khalifa ta birnin Doha, rana tana narkar da kwalta.

"Sunana Phoebe, 'yar Kagoro ce ni. Ni nas ce a gidan kula da tsofaffi inda Shamsu ke aiki, a nan Kilvarra, ƙasar Scotland. Malam Garzali, don Allah ka sami wuri ka zauna."

Bai zauna ba. A tsaye ya ji cewa Shamsu ya faɗo daga kan kekensa da safe a hanyar aiki, kuma kafin motar asibiti ta iso daga gari mafi kusa, rai ya yi halinsa. Zuciya ce, in ji likita. Garzali ya sauke wayar daga kunnensa. Shugabansu na aiki, wani Basudane, ya dubi fuskarsa ya karɓi na'urar binciken da ke hannunsa, ya ce, "Khalas, shi ke nan, tafi gida."

Gidan kuwa ɗaki ne guda a unguwar Mansura, mai gadaje hawa biyu, wanda yake rabawa da Bawah, wani direba ɗan Zangon Kumasi, da wasu mutum biyu masu aikin kwana. A wannan ɗaki Garzali ya gane cewa mutuwa ma ƙasa-ƙasa ce. A Funtua wanda ya rasu da hantsi, kafin la'asar ƙasa ta rufe shi, mutane sun dawo sun zauna kan tabarma. A can kuwa hukuma ta riƙe gawar, wai tunda mutuwar ta zo farat ɗaya sai an bincika. Kwana ya yi ta bin kwana, Shamsu yana kwance cikin sanyin asibiti. Garzali ya nemi biza, aka nuna masa ranar ganawa da ke can nesa, bayan makonni. Ya tambayi yadda ake kawo gawa gida, aka lissafa masa ofisoshi da takardu har kansa ya yi nauyi. Kowace safiya Inna takan kira, kuma tambayarta ɗaya ce tak.

"An yi masa sutura?"

"Tukuna, Inna."

"Garzali, haƙƙinsa ne a kanka. Ko a ina ne, ƙasar Allah ce. A rufe min ɗana."

Ranar da aka saki gawar, Phoebe ta kira shi ta bidiyo bayan azahar. Bawah yana zaune a gadon ƙasa yana cin shinkafa cikin roba. Ta ce mai shirya jana'iza na garin yana jiran amsa kafin ya rufe ofis: a binne Shamsu a Kilvarra jibi, ko a mayar da shi firji a fara neman takardun jirgi.

"Kafin ka yanke, bari ka ga wurin da idonka," in ji ta, ta juya wayar.

Garzali ya zuba ido yana jiran dogayen benaye. Abin da ya gani titi ne ɗaya siriri, wanda mota biyu ba za su gifta juna a kai ba sai ɗaya ta raɓe. Gidajen duwatsu farare sun jeru a gefe guda, a ɗaya gefen kuma ruwa ne baƙi ƙirin, shimfiɗe har gindin tsaunuka. Tumaki suna kwance a tsakiyar hanya kamar su suka gina ta.

"Sista, ina garin?"

"Shi ke nan ka gan shi."

"Ba unguwar bayan gari nake nufi ba. Garin."

"Malam Garzali, na yi shekaru ina aiki a Doha, na san Mansura. Mutanen da ke cikin beninku sun fi mutanen Kilvarra yawa."

Ta ci gaba da tafiya tana nuna masa, iska tana kaɗa muryarta. Ga kanti ɗaya tilo, shi ne gidan waya, shi ne wurin sayen magani, shi ne kuma inda ake jin labarin wanda ya haihu da wanda ya kwanta. Ga makarantar firamare, yaranta duka aji ɗaya suke zama. Likita ranar Talata yake zuwa, banki kuma cikin mota yake zuwa, ya tsaya gaban kanti ya wuce. Bas takan zo da safe ta dawo da yamma, ranar Lahadi ko ita ba ta zuwa. Ta nuna wani dogon gini mai hasumiya ta ce da coci ne, amma masu zuwa sun ƙare, an sayar wa wasu mata da miji, yanzu a ciki suke kwana.

Bawah ya ajiye cokali ya leƙo, ya yi masa irin kiran da 'yan Kumasi ke wa aboki. "Massa, wannan ai ƙauye ne! Ƙauyen kakana ya fi shi mutane. Nan ne Landan ɗin?"

Garzali ya ƙura wa allon ido. Yana tuna hotunan da Shamsu ke turowa, kullum fuska ce cike da allo, da hular sanyi, da murmushi, ba a ganin abin da ke bayansa. Shi da ya yi digiri ya ƙare a gadin ƙofa, sau nawa ya kwanta yana jin ƙyashin ƙaninsa, yana zaton yana can cikin fitilu da jiragen ƙasa? Ashe yaron yana tuƙa keke ne tsakanin tumaki, yana yi wa tsofaffin wasu wanka, ba masallaci, ba mai ce masa sannu da harshen uwarsa sai mace ɗaya.

Phoebe ta shiga wani ɗan ofis. Wani mutum mai baƙar kwat ya gaishe shi cikin ladabi, ya yi masa ta'aziyya, sannan ya yi wata tambaya da Garzali ya ji sarai amma ya ƙi yarda da kunnensa.

"Me ya ce?"

Phoebe ta rage murya. "Kowa ake yi wa tambayar, ka'idarsu ce. Wai binnewa kuke so ko ƙonawa."

Garzali ya miƙe zumbur har kansa ya bugi ƙarfen gadon sama. Bawah ya dafe ƙirji yana a'uziyya.

"Na riga na gaya musu binnewa ne," ta ce da sauri. "Saurare ni. Limami zai zo daga birnin Inverness da mutanensa, su za su yi masa wanka, su sa masa likkafani, su yi masa salla. Mai haƙa kabari har ya tambaye ni ina alƙibla take, ya ce zai karkata ramin ko da ya saɓa wa layin sauran. Akwati dai dole ne, ƙasar nan ruwa ce, limamin ya ce babu laifi. Abu ɗaya ya rage, maganar igiya."

"Wace igiya?"

"Da igiyoyi ake saukar da shi cikin ramin. Guda takwas ake ɗaurawa, suna so ka..."

Bai bari ta ƙarasa ba. A duniyar da Garzali ya sani, hannu ke karɓar mamaci. 'Yan'uwa su shiga ramin da ƙafafunsu, a miƙo musu shi kamar jariri, su kwantar da shi a gefensa na dama. Igiya kuwa ya san inda ake amfani da ita: lokacin da jakin maƙwabcinsu ya mutu, igiya aka ɗaura masa a ƙafa, aka ja shi bayan gari, kowa yana toshe hanci.

"Ƙanina ba mushe ba ne!" Muryarsa ta cika ɗakin. "Ƙyamarsa suke yi? Ya wanke musu iyaye da hannunsa, ya kwashe musu kashi da fitsari, yau shi ne ba za su iya taɓawa ba sai da igiya? Don baƙi ne? Ki gaya masa a mayar da shi firji. Ko shekara zai yi, zan kawo shi gida."

Ya kashe wayar ya jefa ta kan katifa. Bawah ya ce a hankali, "Massa, ka bari matar ya gama magana mana. Kai ma ka san ba a yanke wa mai kawo saƙo harshe." Garzali ya juya masa baya. Amma maganar Inna ta ƙi barin kunnensa, ya san kuma shekarar da ya ambata ba a bakinsa za ta ƙare ba, a jikin Shamsu za ta ƙare.

Wayar ta sake ƙara. Da ya ɗauka, ba ofishin ya gani ba. Wani zaure ne mai faɗi, da kujerun roba, da tebur cike da kofunan shayi, tsofaffi maza da mata zaune sun sa tufafin fita kunya.

"Malam Garzali," in ji Phoebe, muryarta a dake, "ni ma 'yar Arewa ce, na san abin da ka hango. Ranar da na fara gani, ni ma abin da na hango ke nan. Amma ka dubi mutanen nan. Tun safe suke cikin wannan zaure suna gardama, kuma a kan igiyoyin Shamsu suke yi."

Ta juya wayar a hankali, ta nuna masa fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

"A nan ba kowa ake ba igiya ba. Mutum zai iya zama maƙwabcinka shekara da shekaru bai samu ba. Iyali ke zaɓa, a kira sunan mutum a bakin kabari a gaban kowa, ya fito ya kama. Akwai 'yan'uwan da suka daina gaisawa saboda an hana ɗaya. Guda takwas ne, masu so sun fi ashirin. Mai kanti tana so. Direban bas yana so. Ta farko, wadda ke wajen kai, ta ɗan'uwa mafi kusa ce, ba wanda ya isa ya taɓa ta. Taka ce. Abin da suke tambaya shi ne wa za ka ba ya riƙe maka."

Ta matsa kusa da wani tsoho da ke cikin keken guragu, an rufe masa gwiwoyi da bargo. Ta ce sunansa Alasdair, makiyayin tumaki ne a da, kuma Shamsu ne ke tashinsa kowace safiya, ya yi masa wanka, ya aske masa gemu. Tun ranar rasuwar ya ƙi bari kowa ya taɓa masa fuska. Gemun ya fito fari fat, a hargitse.

Tsohon ya kawo fuskarsa dab da wayar, ya yi magana da wani irin Turanci mai kauri wanda digirin Garzali bai kama ko rabinsa ba.

"Ya ce ya riƙe igiyar mahaifinsa, ya riƙe ta matarsa, ya riƙe ta ɗansa da teku ya ci," in ji Phoebe. "Ya ce bai roƙe ka ta farko ba, ba shi da wannan matsayi. Ko ta ƙafa ka ba shi, ya gode. Wai kar ka dubi keken, hannunsa yana nan da ƙarfi."

Tsohon ya ɗaga hannayen biyu ya nuna, manya, masu jijiyoyi.

Garzali ya zauna a gefen gadon Bawah. Ya daɗe yana duban hannayen. Tun da aka yi rasuwar bai yi kuka ba, yanzu ma bai yi ba, sai dai wani abu mai kama da tsoro ya rufe shi: a wani lungu na duniya da bai san sunansa ba sai makon jiya, ana rigima a kan wanda zai ɗauki nauyin ƙaninsa, shi kuwa da suka sha nono ɗaya bai ma san da wane titi yake bi zuwa aiki ba.

"Sista."

"Na'am."

"Limamin ya san da maganar igiyar?"

"Ya sani. Ya ce shi da mutanensa za su tsaya a wajen kai, su tabbatar fuskarsa ta dubi alƙibla. Biyu daga cikin igiyoyin nasu ne."

Ya goge fuskarsa da tafin hannu. A waje ladanin masallacin unguwa ya fara kiran la'asar, Bawah ya miƙe yana neman silifas.

"Ki gaya wa mai baƙar kwat jibi ne," in ji Garzali. "Ki gaya wa Baba Alasdair kuma ta farkon zai riƙe. Amma ki roƙe shi ya bari a yi masa aski kafin ranar. Shamsu ba ya son ganin mutum a hargitse."