Dada a Bakin Ƙofa

Teku ya cinye gidanmu da daɗewa. Yau in ka tsaya a gaɓa, gabas da Lome, rijiyarmu kaɗai za ka hango tsaye cikin ruwa kamar turmi. Abin da ya rage mana shi ne bidiyon da Papa ya ɗauka da kyamararsa ranar da ƙanena Elom ya gama firamare. Papa ya rasu, mahaifiyarmu Dada ta bi bayansa.

Elom yana aikin katako a Gabon. Ya dame ni in tura masa bidiyon ta waya. An juye mini kaset ɗin a filashi, amma ya yi nauyin da waya ba ta ɗauka. Sai na kai wa Fo Yawovi, maƙwabcinmu mai ɗaukar bukukuwa.

"Dzifa, giwa kika kawo in cusa miki a tulu," in ji shi, yana suɗe miyar akume, tuwon masararmu, a yatsa.

"Fo, kai dai rage nauyin, kada ka ɓata fuskoki."

"Fuskarki ta lokacin? Da kan nan kamar kwakwa? Ɓata ta ai taimako ne."

Ya rage, muka kunna. Ga Elom da takalman da suka yi masa yawa, ga gwaggonni suna soya kifi. Komai fes. Da kyamara ta juya kan ƙofar ɗaki, sai ban ga kowa ba. Baƙin duhu kawai, kamar an shafe da gawayi.

"Ina Dada?"

"Wace Dada?"

"Nan take tsaye. Ba ta son a ɗauke ta, shi ya sa ta maƙale a ƙofa."

Ya buɗe na asalin. Ga ta nan cikin inuwa, rabin fuska, hannu a jikin ƙyaure. Fo Yawovi ya daina raha.

"Abin da ke cikin duhu, ba ya motsi, shi na'ura ke fara zubarwa," ya ce a hankali. "Gani take ba wanda zai nema."

Ya sake gwadawa. Wannan karon ta fito, amma fuskar ta narke, ba ido, ba baki. Na ce ya rufe. Ya ce to a bar matsewar, a yanke tsawon: jawabin malami da rawar maƙwabta su tafi, wurin ƙofar ya zauna da kyansa. Ya ɗan haska duhun, ya sa kunne, ya rage rurin teku.

A nan ne muka ga bakinta yana motsi. Na sha kallon kaset ɗin, ban taɓa lura ba. Ba taron take kallo ba, ta saman kanmu take duban ruwa. Muryarta ta fito siririya:

"Elom, dawo ciki. Ya matso."

Fo Yawovi ya ɗauke hannunsa daga kwamfutar. A lokacin da aka ɗauki bidiyon teku yana can bayan gonar kwakwa da titi, ba wanda ke tsoronsa.

"Yaron take hanawa zuwa wanka," ya ce. A bidiyon, Elom yana zaune a cinyar Papa Sena, kawunmu, yana cin kifi.

Na tura wa Elom bidiyon da hantsi. Kafin in kai shagona ya kira, ina jin ƙarar zarto a bayansa.

"Yaya Dzifa, kin ji abin da ta ce?"

"Na ji."

"Na amsa mata. A gaban ma'aikata, da ƙarfi. Suna ta kallona."

Zarton ya tsaya. Can ya ce in tambayar masa mai gida ko ɗakin baya na gidan da nake haya yana nan ba kowa.